Marigayi Dokta Walter Dandy, Likitan Ƙwaƙwalwa

An haifi Walter Dandy a garin Sedaliya ta ƙasar Amurka cikin 1886. Ubansa direban jirgin ƙasa ne. A zamanin nan, in kan jariri ya yi ta kumbura, likitoci ba su tabbatar da dalili ba. Cikin 1913, a asibitin Johns Hopkins, shi da Dokta Blackfan suka yi gwaji da karnuka, suka nuna cewa in hanyar ruwan ƙwaƙwalwa ta toshe, ruwan taruwa yake yi. Wani sa'in ƙari ne ke toshe ta. Cikin 1918 ya fito da dabarar ɗura iska cikin ƙwaƙwalwa, don hoto ya nuna inda ƙarin yake. Ya rasu cikin 1946.

Jama'a, in kan jariri ya faye girma, a garzaya asibiti.