Abubakar Imam: Marubucin da ya rubuta Magana Jari Ce yana kan albashi

Daga Sabon Birni har Yola, da wuya a sami wanda ya yi karatun Hausa a makaranta bai ci karo da Magana Jari Ce ba. Sai dai ba kowa ya san yadda aka sallami mai littafin ba.

An haifi Alhaji Abubakar Imam a Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma zama malami a Makarantar Midil ta garin. A 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Talifi da ke Zariya, ya shirya gasar ƙagaggun labarai. Imam ya shiga da Ruwan Bagaja, yayansa Malam Bello Kagara ya shiga da Ganɗoki, duka biyun kuma suka shiga cikin littattafai 5 da aka zaɓa aka buga.

East bai sake shi ba. A 1936 aka aro Imam daga aji zuwa Zariya, ya yi wata 6 yana ɗebo labarai daga Alfu Laila da littattafan Indiya da na Turai, yana mayar da su ɗanɗanon Bahaushe. Wannan aiki ne ya zama Magana Jari Ce mai kashi 3. A nan muhimmin batun yake: a matsayin ma'aikaci ya yi rubutun. Gwamnati ce ta ba da aikin, ita ta ɗauki nauyin ɗab'i, makarantunta kuma su ne kasuwa. Bai zuba kwabonsa ba, bai yi yawon talla ba. A 1939 ya zama editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo, nan ma da albashi.

Tsarin kamfanonin ɗab'i daban yake. Kamfani ne ke kashe kuɗi, marubuci ya karɓi kamasho a kan kowane kwafi da aka sayar, galibi wajen kashi 10 cikin 100. Kaso ne ƙarami, amma ga littafin da aka sa a manhaja ake sake bugawa shekara da shekaru, ƙaramin nan kan tara. Littattafan Imam sun koma hannun kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966 da haɗin gwiwar Gaskiya Corporation da Macmillan.

Imam ya rasu a Zariya a watan Yunin 1981, kafin ya ga abin da ya biyo baya. Cikin shekarun 1980 tattalin arziki ya karye, takarda ta yi tsada, kamfanoni suka ja baya, sai marubutan Kano suka fara buga wa kansu. Ribar duk tasu ce, amma asara da bin 'yan kasuwa bashi ma nasu ne. Akwai kuma masu ɗab'in da ke cewa a yi karo-karo, marubuci ya biya wani ɓangare don kasonsa ya ƙaru. A nan ne ya kamata a karanta yarjejeniya da idon basira. A yau Amazon na ba da kashi 35 ko 70 a kan littafin intanet, amma neman masu saye na wuyan marubuci, abin da Imam bai taɓa fama da shi ba.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya na kare littafin marubuci har shekara 70 bayan rasuwarsa. Duk da haka, kwafin Magana Jari Ce na yawo kyauta a WhatsApp, ba mai biyan kowa sisi.