Rachel Carson: Matar da ta tona asirin maganin ƙwari tana fama da kansa

Duk wanda ya taɓa kwana a Kafin Hausa ko Haɗeja da damina ya san sauron fadama ba ya wasa. Shi ya sa magariba na yi za ka ji ɗaki ya gauraye da warin fiya-fiya. To, fiye da shekara 60 ke nan wata Ba'amurkiya ta tsaya kai da fata sai an binciki abin da irin wannan feshi ke yi wa jikin mutum.

An haifi Rachel Carson a 1907 a jihar Pennsylvania. Gidansu ba masu hali ba ne. Ta yi digiri na biyu kan halittun dabbobi a 1932, amma da mahaifinta ya rasu a 1935 sai nauyin gida ya dawo kanta, ta kama aiki a hukumar kula da kifi ta gwamnati.

A 1958 wata ƙawarta ta rubuto mata cewa an yi feshin DDT ta jirgin sama don kashe sauro, tsuntsayen gidanta suka yi ta faɗowa matattu. Shekara 4 Carson ta yi tana bin diddigi. Abin da ta nuna shi ne, DDT ba ya ruɓewa da wuri. Yana shiga ƙasa da ruwa, ya taru a kitsen kifi, daga nan ya wuce jikin wanda ya ci kifin. A 1962 ta fitar da littafinta Silent Spring, har da babi guda kan alaƙar sinadarai da kansa.

Kamfanonin magani suka yi mata ca. Abin da mutane ba su sani ba, tun 1960 aka yi mata tiyatar kansar mama. Ta ɓoye ciwon, don kada a ce haushin rashin lafiya ne ya sa ta rubutu. A haka ta je gaban majalisar dattawa a 1963. Kuma fa ba cewa ta yi a bar sauro ya cinye mutane ba, feshin ganganci take yaƙa. Ta rasu a Afrilun 1964 tana da shekara 56. Sai a 1972 Amurka ta hana amfani da DDT a gonaki.

A nan gida kuwa har yanzu da sauran rina a kaba. Gamalin, wanda wasu ke zubawa a ruwa don kama kifi, sinadarin lindane ne, kuma a 2015 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa. A shekarar ce kuma Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da waken Najeriya saboda yawan dichlorvos, sinadarin da ke cikin Sniper. Waken da Turawa suka ƙi, irinsa muke ƙosai da shi kullum safe.