Ide Umaru, wakilin Nijar a gaban duniya

Daga cikin ƴaƴan ƙasa da suka ɗaukaka sunan Nijar a waje, marigayi Ide Umaru yana sahun gaba. An haife shi a shekara ta 1937. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, wadda ta horar da manyan ma'aikata da yawa na Afirka ta Yamma. Da ya komo gida sai ya kama aikin jarida, har ya shugabanci hukumar watsa labarai.

Bayan juyin mulki na watan Afrilu 1974, shugaba Seyni Kunce ya jawo shi kusa, ya ɗanka masa ofishin fadarsa. A shekara ta 1980 ya aike shi wakilci Majalisar Ɗinkin Duniya, a daidai lokacin da Nijar take riƙe da kujera a Kwamitin Sulhu. Can ya zama bakin shugaban ƙasa da kunnensa.

A 1983 aka naɗa shi ministan harkokin waje. Lokaci ne mai tsanani: fari ya cinye daminar 1984, Nijeriya kuma ta rufe iyakarta a wannan shekara. Mutanen Magarya da Dungas, waɗanda cinikinsu yake haɗe da kasuwannin Daura da Kano, sun ɗanɗana kuɗarsu. Neman taimakon abinci da kiyaye zumunci da maƙwabta suka zama babban nauyin gwamnati.

A watan Yuli 1985, a birnin Addis Ababa, aka zaɓe shi babban magatakardan Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Ya iske ƙungiya a raunane: Maroko ta fice saboda rikicin Yammacin Sahara, ƙasashe da dama ba su biyan kuɗin da ke kansu, bashi ya danne nahiya. A zamaninsa ne aka kira taro na musamman a kan bashin Afirka, a 1987. Salim Ahmed Salim na Tanzaniya ya gaje shi a 1989.

Duk da yawan aiki bai aje alƙalami ba. Littafinsa Gros Plan ya ci babbar lambar adabin Afirka a 1978, sannan ya fitar da Le Représentant, wato Wakili, a 1984.

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ran 12 ga Fabrairu 2002. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.