Jalinusu, Likitan Mayaƙan Dandali

An haifi Jalinusu a shekarar 129 Miladiyya a Fargamon, cikin Turkiyya ta yau. A 157 aka naɗa shi likitan mayaƙan da ke karawa da takobi a dandali don nishaɗin jama'a. Raunukansu suka zame masa makaranta, domin a zamanin ba a feɗe gawar mutum. Ya kula da abincinsu da atisayensu, daga baya ya rubuta littafi kan amfanin wasa da ƙaramar ƙwallo. A 162 ya tafi birnin Rum, ya riƙa koyarwa da feɗe birai da aladu. Kurakuran da hakan ya jawo sun daɗe ƙwarai, sai a 1543 Vesalius ya gyara da yawa daga cikinsu. Jalinusu ya mutu wajajen 216.