Tandang Sora, tsohuwa mai kanti da ta ciyar da ƴan gwagwarmaya

Mu ƴan kasuwa mun san zafin fidda kaya ba kuɗi. Melchora Aquino, ƴar ƙasar Filifin, an haife ta a 1812. Mijinta ya rasu ya bar mata ƴaƴa shida, ta riƙe su da ɗan kantinta a Balintawak, kusa da Manila. A 1896, tana da shekara 84, ƴan ƙungiyar Katipunan suka tayar wa mulkin Sipaniya. Ta buɗe musu gidanta, ta ba su shinkafa, ta yi jinyar masu rauni. Sojojin mulkin mallaka suka kama ta, suka matsa mata ta tona asirin ƴan ƙungiyar, tsohuwa ta ƙi. Aka kore ta zuwa tsibirin Guwam, sai 1903 ta komo gida. Ta rasu a 1919, tana da shekara 107.