Jean Mermoz, matuƙin da ya buɗe hanyar sama daga Senegal zuwa Barazil

An haifi Jean Mermoz ranar 9 ga Disamba 1901 a Aubenton, arewacin Faransa. A soja ya koyi tuƙin jirgin sama, kuma a 1924 ya shiga kamfanin Latécoère da ke Toulouse, mai jigilar wasiƙu. Aka ɗora shi kan layin Kasablanka zuwa Dakar. A 1926 injinsa ya lalace a sahara, mutanen yankin suka kama shi, sai da aka biya fansa suka sake shi.

A lokacin, wasiƙun Turai na zuwa Dakar ta sama, daga nan jiragen ruwa su kwashe kwanaki kafin su kai su Kudancin Amurka. Ranar 12 ga Mayu 1930 Mermoz ya tashi daga Saint-Louis na Senegal da kilo 130 na wasiƙu, ya sauka Natal a Barazil bayan awa 21, tafiyar sama da kilomita 3,000. Tare da shi akwai Jean Dabry mai lissafin hanya da Léopold Gimié mai rediyo. Tsakiyar teku ba dutse ba gari, rediyo kaɗai ke sada jirgi da na ƙasa.

A 1936 ya zama mataimakin shugaban jam'iyyar PSF ta masu ra'ayin riƙau. Ranar 7 ga Disamban shekarar ya tashi daga Dakar da jirgin Croix-du-Sud, ya dawo saboda matsalar inji, aka duba, ya sake tashi. Da ƙarfe 10:47 na safe rediyo ya sanar cewa za su kashe injin baya na dama. Daga nan shiru. Har yau ba a ga jirgin ba, balle mutum biyar da ke ciki.

Yanzu jiragen da ke ƙetare wannan teku suna bin tsararrun hanyoyi, kowane da tsayin da aka ba shi, yana kuma sanar da inda yake. Hukumar ASECNA, wadda aka kafa a Saint-Louis a 1959, ita ke kula da su a ɓangaren Dakar. Ita ce kuma ke kula da sararin samaniyar Nijar, har da jiragen da ke sauka Damagaram.