Power Mike: Baƙon Kano Da Ya Zama Zakaran Kokawar Afirka

 A filinmu na mazan jiya na wannan fitowa mun ɗauko muku tarihin wani mutum wanda ba Bahaushe ba ne, amma a ƙasar Hausa ya samo sana'ar da ta fito da shi duniya, kuma a nan Ikko aka ga wasu daga cikin manyan wasanninsa. Duk wanda ya yi wayo a Agege ko Idi-Araba ko Obalende cikin shekarun 1970 ba sai an gaya masa ko wane ne Power Mike ba. A wancan zamani in yaro ya cika ƙarfi, ko ya faye cin zalin 'yan'uwansa, da wannan suna ake yi masa ba'a. Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne yadda ya faro, da kuma yadda ya bar fage tun da sauran ƙarfinsa.

Sunansa na yanka Michael Okpala, ɗan ƙabilar Ibo ne. An haife shi ran 8 ga watan Agusta, 1939, a wani gari da ake kira Neni, cikin Jihar Anambara ta yanzu. Karatunsa bai wuce firamare ba. A 1952 ya bar gida ya nufi Anacha don koyon ciniki, kamar dai yadda yaranmu kan baro Arewa su zo su zauna a ƙarƙashin wani maigida a kasuwa. A can Anacha ya shiga wani kulob na damben zamani mai sunan Dick Tiger. Shi wannan Dick Tiger shi ne ɗan damben da ya ci kambun duniya a 1962, ya kuma kare shi a filin wasa na Liberty da ke Badun a 1963, saboda haka samarin gabas na lokacin kowa burinsa ya zama kamarsa.

Daga Anacha sai Kano. Jirgin ƙasan nan da ya kawo kakanninmu Agege sayen goro, shi ne kuma yake kai mutanen kudu Kano, inda aka keɓe musu unguwar Sabon Gari kamar yadda mu ma muke da zangonmu a nan. Michael ya je ne da niyyar cinikin tayar mota, ya kuma shiga koyon kanikanci. Ana cikin haka ya lura cewa Allah ya ba shi wani irin ƙarfi da ya fi na tsaransa, ya kuma lura cewa mutane za su iya biyan kuɗi su kalla. To, a nan ne fa ya raɗa wa kansa suna Power Mike, ya shiga nuna bajinta a bainar jama'a. Yakan tanƙwara ƙusa mai inci 6 da hannu, ya ɗaga ƙarti huɗu a lokaci guda, ya yi jan igiya shi kaɗai da gungun mutane.

Ba abin mamaki ba ne a ce a Kano wannan wasa ya karɓu. Bahaushe ya saba da gardawa masu wasa da kura da maciji, ya saba da 'yan tauri da 'yan hoto da 'yan dambe, ya san a yi da'ira a kalli namiji yana nuna abin da ya iya, in ya burge a yi masa kari. Baƙon nan ya tarar da 'yan kallo a shirye, shi kuma ya kawo musu abin da ba su saba gani ba.

A 1961 ya ɗauki wasan nasa ya zaga ƙasa da shi, ya je Anacha da Inugu da Aba da Fatakwal da Ikko da Jos da Kaduna. A 1964 ya tsallaka Gana, daga nan ya wuce Kwaddibuwa da Sanagal. A 1967 ya haye Turai, ya fara da ƙasar Suwidin, sannan ya gangara Girka, inda ya koma ɗan kokawa sosai, daga baya kuma ya yi wasa a Ingila. Wato dai shekarun da ƙasar nan ta shiga yaƙin basasa, daga 1967 zuwa farkon 1970, yana can yana koyon sana'a a hannun Turawa.

A shekarar da aka gama yaƙi ya dawo Afirka, kuma a wannan shekara ta 1970 ya kara da Masambula, mutumin Gambiya, wanda ya yi suna a Ingila saboda shigowa fage da yake yi yafe da fatar damisa kamar wani boka. Power Mike ya kayar da shi, ya karɓi kambun Afirka na ajin masu nauyi. Sai mu tuna halin da ake ciki a lokacin. An zubar da jini, zukata ba su gama hucewa ba, Ibo da yawa da suka gudu daga Arewa a 1966 suna ta shawarar ko su koma ko kada su koma. Amma ga ɗan Ibo a fage, Bahaushe da Bayarabe da kowa suna yi masa tafi, don in ya fito da baƙo ba wanda ke tambayar garinsu, ɗan Nijeriya kawai ake gani.

Karawar da aka fi tunawa da ita ita ce wadda ya yi da Ali Baba, mutumin Labanan, a 1973. Mutanen Labanan ba baƙi ba ne a wurinmu, mun san su a kantunan Kano da na Ikko tun zamanin cinikin gyaɗa, saboda haka wasan ya ja hankali ƙwarai, kuma Power Mike ne ya yi nasara. Haka nan an kawo masa Johnny Kwango daga Ingila har nan Ikko. Shi Kwango tsohon hannu ne, baƙar fata, wanda Turawan Ingila suka saba gani a talabijin, kuma makaminsa shi ne gware, in ya sa wa mutum goshi sai ya ga taurari. Shi ma bai sha ba. Sauran waɗanda suka faɗi a hannunsa sun haɗa da Joseph Kovacs da Judd Harris da John Tiger na Kanada.

A nan ya kamata mu bambanta wa masu karatu irin gabar da ke cikin wannan kokawa da wadda muka gada. A wurinmu abokin gaba maƙwabci ne. Shago da Ɗandunawa kowa ya san garin kowa, sukan haɗu da kaka in an gama aikin gona, ga makaɗi irin Ɗan Anace yana zuga, in an rabu kuma a yi ta gardama a kasuwa har wata shekara. A kokawar gargajiya kuwa da zarar mutum ya taɓa ƙasa an gama, ba wata magana. Ita kokawar Turawa a kan dandali mai igiya ake yinta, sai an danne kafaɗun mutum alƙali ya ƙirga uku, ko kuma ya ce ya sallama. Abokan karawar Power Mike a jirgin sama ake kawo su, a buga hotunansu a jarida da bango, a yi ta cika baki kafin ranar, a sayar da tikiti. Gabar ta zama ta ɗan gida da baƙo, kuma ita ce ke cika fili.

Daɗin daɗawa, yau duniya ta san cewa irin wannan kokawa ta kuɗi rabinta wasan kwaikwayo ne, masu shirya ta sukan tsara yadda za ta kaya tun kafin a hau dandali. Dattawanmu da suka kalla a wancan lokaci ba su ɗauke ta haka ba, wasu har yanzu in aka faɗa musu sai a yi faɗa. Duk da haka ƙarfin da ake nunawa na gaske ne, faɗuwar ma ta gaske ce. Shi kansa Masambula rauni ya ji a fage a Ingila a 1975, wanda ya nakasa shi ya raba shi da sana'ar. Wanda ya ɗaga ƙato mai nauyin buhun masara ya maka da ƙasa, ko an tsara ko ba a tsara ba, ya yi aiki.

A 1976 Power Mike ya ajiye kokawa yana riƙe da kambunsa, yana da shekara 37 a duniya. A ganinmu wannan shi ne wayon da ya fi kowane a rayuwarsa. Bai jira wani yaro ya zo ya kunyata shi ba, kuma bai koma gida ya zauna yana ba da labarin da ba. Ya kafa kamfaninsa, Power Mike International Promotions, ya shiga kawo manyan 'yan kokawar duniya Nijeriya. Ta hannunsa aka ga Mil Mascaras na Maksiko mai rufe fuska, da Mighty Igor, da Bulldog Brower, da Carlos Colon, da Chris Adams. Lokacin kuɗin man fetur ne, ga babban filin wasa na Surulere da aka buɗe a 1972, ga talabijin ya fara shiga gidaje. A unguwanninmu gidan da ke da akwati yakan cika maƙil ranar kokawa, yara har kan taga.

Da tattalin arziki ya karye cikin shekarun 1980, darajar naira ta faɗi, kawo baƙi daga waje ya zama da wuya, harkar ta yi sanyi, daga baya kuma mutane suka koma kallon ta Amurka a bidiyo da tauraron ɗan'adam. Power Mike ya rasu a Abuja ran 11 ga watan Maris, 2004, yana da shekara 64.

Abin da ya sa muka kawo wannan tarihi, muna da samari a Agege, musamman cikin mahautan abbatuwar Oko-Oba da 'yan dako, waɗanda Allah ya ba ƙarfi, suna dambe suna kokawa, ana yi musu liƙi a fage. Amma ƙarfi baƙo ne, shekara goma ko sha biyar ya yi sallama. Nawa ne daga cikin zakarunmu na da suka ƙare ba gida ba jari, hannu ya lalace, sai dai a nuna su a ce wane ne a da? Maƙwabtanmu na Nijar sun kafa gasar Takobi tun 1975 a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya fara ɗauka, kuma ga shi kokawa ta zama abin da ƙasa ke tsayawa dominsa. Mu ma ba abin da zai hana masu hali da shugabannin zango su tsara wasanninmu, a yi rajistar 'yan wasa, a tanadi magani ga wanda ya ji ciwo, a ware wani abu daga kuɗin ƙofa don gobensu.

Sannan mu riƙa tunawa cewa yadda muke baƙi a Ikko haka wasu suke baƙi a Kano da Zariya da Sakkwato. Yaron da ya sauka a Kano yana koyon gyaran mota, jama'ar gari suka tsaya suka kalli wasansa suka ba shi kwabonsu, shi ne ya zo ya ɗaga sunan ƙasa baki ɗaya. Allah ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya sa matasanmu su ci moriyar ƙarfinsu tun yana hannu, amin.